Agwagwar Ƙarfe a Ƙasan Tafki

Mijina Arvo ba ya sayen abin da yake ganin hannunsa zai iya ƙerawa. A hunturun da nake ba ku labarinsa, 'yarmu ta aiko masa da irin kamarar nan da ake zurawa ta ramin da aka huda a ƙanƙarar tafki in ruwan ya daskare, mutum yana zaune yana kallon kifi a ɗan allo kamar talabijin. Murna kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. Amma fita biyu ya yi da ita ya dawo yana ƙunƙuni. Kamarar a jikin igiyar waya take rataye, in kana son ganin gefe sai ka murza igiyar da yatsu, kana saki ta warware ta koma inda ta ga dama. Ga sanyin arewacin Minnesota, yatsu sun ƙage.

"Ai akwai injin da ke juya ta a kanti," na ce masa. "Je ka saya mu huta."

"Kin ga tsadarsa kuwa? Abin da aikinsa bai wuce juyi dama, juyi hagu ba? Ko kaza a kan wuta tana yin haka."

Yana faɗa wata dabara ta faɗo masa. Ya kalle ni, na kalle shi.

"Arvo, kada ka kuskura ka taɓa mini injin gasa kaza."

"Haba Marlys, wa ke gashi a waje a watan Janairu?"

Kafin in gama wanke-wanke injin ya riga ya koma gareji. Ɗan ƙaramin inji ne mai aiki da batir, yana juya tsinken gashi a hankali. Arvo ya samo murfin bokiti ya huda tsakiyarsa, ya ɗaure injin a kai da ƙusoshi. Ya yanko guntun bututun ruwa ya tsaga shi ta gefe don igiyar ta shige, ya saci maƙalin shanyata guda biyu su riƙe ta. Makunnin kuwa na gilashin tsohuwar mota ne: ka danna sama kamara ta juya dama, ka danna ƙasa ta juya hagu. Gwajin farko a matakalar gida aka yi, ni ina ƙasa riƙe da kyanwa a matsayin kifi. Injin ya juya ya ƙi tsayawa har igiyar ta tufke kamar kitso. Ya koma gareji ya yi ta zage-zage da yaren Finlan na kakanninsa, ya fito da yamma ya ce ya gano bakin zaren.

Ranar Asabar na ɗauka bakin gaɓar da kowa ke kafa bukkar kamun kifi za mu, sai na ga ya juya babur ɗin ƙanƙara ya nufi arewa.

"Ina kuma za mu?"

"Wuyan Tafki."

"Ka haukace? Wa ke zuwa can?"

"Shi ya sa. In abokina Rodney ya ga murfin bokitin nan kuma ya ƙi aiki, sai na mutu yana ba da labari a kantin kofi."

Wuyan Tafki wuri ne da tafkin ya tsuke tsakanin duwatsu biyu, ruwa na gudu a ƙasa, don haka ƙanƙararsa ba ta da amana. Tun muna yara ake ja mana kunne a kansa. Amma sanyin shekarar ya kai inda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Arvo yana tafe yana hudawa yana aunawa, ko'ina kauri ya fi tsawon hannunsa. Muka kafa tanti, muka kunna hitar ɗumama wuri, na zuba mana kofi na yanka burodi mai zaƙi. Ya huda rami biyu, ɗaya na ƙugiya ɗaya na kamara, ya gitta katako biyu ya ɗora murfin bokitinsa a kai.

Kamara ta yi ta sauka har muka ga laka. Ya danna makunni. Hoton ya fara tafiya a hankali, sumul, ba gargada. Ya saki, ya tsaya cak.

"Kin gani? Kin gani ko? Faɗi mana, wa kika aura?"

"Ɓarawon maƙalin shanya."

Muka ga ciyayi, muka ga ƙananan kifaye sun taru suna leƙen kamarar. Ya ci gaba da juyawa yana ta cika baki. Can sai wani baƙin abu ya shigo ta gefen allon.

"Dutse," in ji shi.

"Dutse da kusurwa haka?"

Ya ƙara dannawa kaɗan. Abu zagayayye, rabinsa a cikin laka. Taya ce. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ɗaga igiyar sama kaɗan, ya sake juyawa. Muka ga fitilar gaba, gansakuka ya rufe ta. A-kori-kura ce tsohuwar yayi, tana zaune a kan tayoyinta kamar an faka ta.

"Ya Allah," Arvo ya ce. "Wani ya yi asara."

Ya juya ta bisa murfin injin motar. A can gaba, daidai tsakiya, akwai wani ɗan abu a tsaye mai dogon wuya da faffaɗan baki. Kofin da ke hannuna ya suɓuce, kofi ya zube mini a cinya, ban ji zafinsa ba.

"Tsaya. Koma baya. Arvo, koma baya!"

Ya koma. Agwagwa ce ta ƙarfe. Fiffikenta ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ina tsaye a gefen mahaifina ranar da ya yi waldarta da guntayen ƙarafa ya kafa ta a gaban motarsa, ni ce ma na ce masa fiffiken bai yi daidai ba, ya ce ai agwagwar ce ta yi faɗa.

Mahaifina, Toivo Rantala, mai gyaran famfo ne. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya ya fita da motarsa da safe bayan sun yi cacar baki da mahaifiyata, bai ƙara dawowa ba. Ranar aka yi dusar ƙanƙara ta kwana biyu da ta rufe hanyoyi. A makon ne kuma wata mai kai abinci a gidan cin abincin garinmu ta tattara kayanta ta bar gari ba sallama. Mutane suka haɗa biyu da biyu. Wani ya ce ya gan su a gidan mai a hanyar yamma, wani ya ce suna Alaska. 'Yan sanda suka ɗan yi tambaye-tambaye suka watsar. Mahaifiyata ta ƙone tufafinsa a bayan gida, ta haramta a ambaci sunansa. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan muna cewa ubanmu ya gudu ya bar mu.

"Marlys," Arvo ya ce. "Ko in juya wajen tagar motar?"

"Kada ka juya."

Na fita daga tantin na durƙusa a kan ƙanƙara. Da na ɗago kai na hango bishiyoyin gaɓar kudu. Bayansu kaɗan gidan mahaifiyata yake, inda na girma. In aka hau bene ana iya hango wurin nan da nake durƙushe.

Arvo ya fito da waya a hannu zai kira 'yan sanda. Na riƙe hannunsa. "Mama tukuna. Ba za ta ji a bakin gari ba. Ta ji isasshe a bakin gari."

Mahaifiyata Verna ta kusa tamanin a lokacin, amma tsaye take kamar sanda. Muka same ta tana murza ƙullin burodi. Ta dube mu ta saman tabarau.

"Ku kuma fa? Ba kifi sai murtuke fuska?"

"Mama, zauna."

"Wa ya mutu?"

Arvo ne ya ce, "Verna, mun ga motar Toivo."

"Kada ka kira mini sunan mutumin nan a gidana." Ta ci gaba da murza ƙulli. "A ina? Ya dawo ne yanzu da tsufa ya kama shi?"

"A ƙasan tafki, Mama. A Wuyan Tafki."

Hannunta ya tsaya a cikin ƙullin. Ta yi murmushi, irin wanda ake yi wa yaro in ya yi shirme. "Motoci nawa ne a ƙasan tafkin nan? Kowace shekara sai wani sakarai ya nutsar da tasa."

"Da agwagwar a gabanta."

Ta daɗe tana kallona. Ta goge hannu a jikin rigarta, ta sake gogewa, ta sake. Sannan ta ce, "Miƙo mini takalmana."

Arvo ya yi ta lallashi, ya ce sanyi, ya ce a bari hukuma ta zo. Ko kallonsa ba ta yi ba. Muka naɗe ta da barguna muka zaunar da ita a amalanken da babur ke ja, na zauna bayanta na rungume ta.

Ta zauna a kan kujerar Arvo, ta gyara tabarau, ta ƙura wa allon ido. Agwagwar na nan inda muka bar ta.

"Yaya ake juya abin nan?"

Arvo ya miƙa mata makunnin ya nuna mata. Ta danna da babban yatsa. Hoton ya bi ta murfin inji, ya hau gilashin gaba, ya gangaro ƙofar direba. Na rufe idona, na sake buɗewa. Gilashin a rufe yake ruf, laka ta shafe shi, ba a ganin komai a ciki. Ƙofar ma a rufe. Mama ta saki makunnin.

"Bai fita ba," ta ce.



"Arvo, ina gaban motar yake kallo? Gida ko waje?"

Ya leƙa murfin bokitin, ya dubi yadda bututun ya juya, ya ɗan yi lissafi. "Kudu ne, Verna. Wajen gida. Amma gaskiya mota in tana nutsewa tana iya juyawa. Ba zan rantse miki ba."

"Ban ce ka rantse ba."

Sai ta kai hannu ta rufe bakinta, kafaɗunta suka fara girgiza. Ban taɓa ganin mahaifiyata tana kuka ba, ko ranar da ta ƙone kayansa. "Na ce masa ya tafi," take cewa ta cikin yatsu. "Na ce ya tafi kada ya dawo. A kan injin wanki fa. Na yi shekara da shekaru ina tsine masa, shi kuma yana nan a ƙofar gida cikin sanyi."

Washegari 'yan sanda suka kewaye wurin, aka kawo masu nutso daga wata gunduma. Rabin gari ya fito kan ƙanƙara yana kallo daga nesa, ba mai magana da ƙarfi. Waɗanda iyayensu suka rantse sun gan shi a gidan mai suna cikin taron, kansu a ƙasa. Masu nutso suka fasa ƙofar. Yana ciki a kujerarsa. Suka fito da ƙasusuwa, da agogo, da kan bel mai harafin sunansa. Bisa ga dukan alamu ya ratsa ta tafki ne don ya yanke hanya, ƙanƙara ta burma da shi, dusa ta rufe sawun taya, ramin ya sake daskarewa kafin gari ya washe. Daga ina yake, ina za shi, babu wanda ya sani har yau. Matar da aka laƙaba masa, 'yan sanda suka gano ta daɗe da rasuwa a wata jiha. Ɗanta ya ce jinyar uwarta ta je a shekarar, bai ma taɓa jin sunan Toivo ba.

Na kira yayana Dwayne a garin Duluth. Shi ne ya fi kowa tsanar Baba, har yana girma ya je kotu ya sauke sunan Rantala ya ɗauki na dangin Mama. Na gaya masa. Har na ɗauka layin ya yanke.

"Dwayne?"

"'Ya'yana ba su ma san sunansa ba, Marlys," ya ce. "Na gaya musu kakansu ɗan iska ne."

Sai da daskararriyar ƙasa ta saki a watan Mayu aka iya haƙa kabari. Cocin ya cika har waje. Bayan an dawo gida an ci an sha, baƙi sun watse, muka rage mu kaɗai a teburin kicin, ni da Mama da Arvo da Dwayne da 'ya'yansa mata biyu. Ƙaramar ta yi ƙarfin hali ta ce, "Kaka, wane irin mutum ne shi?"

Mama ta juya cokali a kofinta.

"Maƙaryaci ne," ta ce. "Ranar da muka haɗu a wurin rawa ya ce mini shi matuƙin jirgin sama ne. Ashe bututun banɗakin zauren ya zo gyarawa, ya ji kiɗa ya ajiye kayan aiki. Muna tsakiyar rawa mai zauren ya zo ya ja shi ta kwala, ruwa ya malalo har ƙofa."

Yarinyar ta fashe da dariya, ta yi sauri ta toshe baki.

"Yi dariyarki," in ji Mama. "Ni ma na yi. Amma fa ya iya rawa. Duk gundumar nan ba wanda ya kama ƙafarsa."

Na kalli Dwayne, shi ma ni yake kallo. Mu biyun babu wanda ya san ubanmu yana rawa. Ya ja kujerarsa kusa da ita ya ce, "Mama, sai kuma me ya faru?"