Azumin Kwamanda

Hamida ta danna ƙeyar Kwamanda cikin keji, ya juyo ya yakushe ta a bayan hannu. Ta rufe ƙofar ta ce, "Allah ya isa." Daga ƙasan bene Hajiya Furera ta sake danna hon.

Kwamanda muzuru ne baƙi, kunnensa ɗaya a yage, kuma gadonsa Hamida ta yi. Tsohuwar da ta yi wa jinya a nan Laurel, Madam Pauline, ta rasu ta bar gida da mota. 'Ya'yanta suka zo suka raba komai cikin ladabi da hawaye, suka tuna da wahalar Hamida, suka ba ta magen. Ta karɓa ne don ta ji suna maganar kai shi gidan dabbobin da ba su da masu, inda tsohon muzuru mai yagaggen kunne ba ya daɗewa a raye. Yanzu shi kaɗai ne a Amurka yake jiranta a bakin ƙofa, ko da don abinci ne.

Matsalar ita ce fitsari da kukan neman mace. Manajan gidan hayar da take zaune, Bartholomew, ya tare ta ya ce kafin ƙarshen wata ta kawo shaidar an fiɗiye shi, in ba haka ba magen ya fita, ko su fita tare. Kuɗin da likitan dabbobi ya faɗa mata, sai da ta tambaya ko har da ita za a yi wa aikin. Daga baya ta gano wata ƙungiya da ke yi wa masu ƙaramin ƙarfi kyauta, Asabar ɗaya a wata. Yau ce Asabar ɗin. Sharaɗinsu shi ne kada dabba ta ci komai tun daren jiya, shi ya sa Kwamanda yake ta zaginta da yarensu.

"Ina kwana, Hajiya."

"Ke kullum sai kin shanya mutum? Ajiye shi a ƙasa, kada ya taɓa min kujera."

Hajiya Furera matar Dakta Maitama ce, daga Springfield. Mahaifiyar Hamida ta taɓa yin hulɗar atamfa da gidansu tsakanin Damagaram da Kano, don haka da Hamida ta iso ƙasar, hannun Hajiya aka damƙa ta. Riƙon ya ƙare a kicin: duk taron ƙungiyar matan Hausawa, Hamida ce a kan tukunyar shinkafa. Ita Hajiya digiri biyu gare ta, kuma ba ta taɓa barin kowa ya rasa wannan labari ba. Da ta bugo jiya ta ce za ta kai ta asibitin da kanta, Hamida ta kwana tana tunanin me ta yi wa Allah.

A kujerar baya ta ga amsar. Wani keji ne ruwan hoda, a ciki wata farar mage mai gashi buzu-buzu da fuska kamar an rufe mata ƙofa a hanci.

"Hajiya, wannan fa?"

"Gimbiya ce. Tun da hanya ɗaya ce, sai ki ce taki ce, a cire mata mahaifar gaba ɗaya. Ta ishe ni da kuka."

"Ai na talakawa ne wurin."

"To ke mece ce?"

Hamida ta sa bel. Gimbiya tana da takardar asali har kaka da kakanni, abin da ita Hamida ba ta da shi. An sayo ta ne bayan matar wani injiniya ta sayi kare mai ƙyallen ado a wuya. Tun daga Laurel har bayan ɗakunan ajiyar kaya inda asibitin yake, Hajiya tana bayanin yadda kuɗin makarantar yara ya hau, rabin maganar da Turancin hanci.

Sun wuce ƙofar asibitin, sun wuce layin mutane da karnukansu, Hajiya ba ta tsaya ba sai a bayan wani shagon taya.

"Akwai fili a bakin ƙofa, Hajiya."

"Motar Dakta ce. Mutane sun san lambar."

Hamida ta bar magunan a mota ta tafi ta bi layi da takardar albashinta. Matar da ke kan tebur, Martina, ta duba, ta rubuta sunanta, ta yi mata bayani da muryar wadda ta faɗi abu ɗaya tun safe. Suna ɗaya, dabba ɗaya a shekara. Kuma in dabba ta ci wani abu a faɗa, don idan aka yi mata allurar barci da abinci a ciki, amai kan taso ya shaƙe ta, wasu ba sa tashi.

Ta koma mota ta faɗa wa Hajiya.

"Ɗaya kawai? To shigar da Gimbiya."

"Hajiya, ki yi haƙuri. Kwamanda ne za a kora."

"Wannan abin bolar? Ke da ko kujerar kirki ba ki da ita a ɗaki, ina ke ina kiwon mage? A garinku har suna ake sa musu?"

"A'a. A Kano ma ban ji ana yi musu takardar haihuwa ba."

Hajiya ta cire tabarau ta dube ta, ta mayar. Kwamanda yana ta kwarara ihu daga ƙasan kujera, har wani mai gyaran taya ya leƙo.

"Je ki riƙe layinki," in ji Hajiya. "Ina nan da su."

Da layi ya kusa zuwa kanta, Hamida ta dawo ɗaukar kejin. Tun kafin ta buɗe ƙofar ta san akwai magana, don motar shiru take. Tana buɗewa ƙanshin kilishi ya buge ta. Kwamanda yana zaune yana lasar baki, jan yaji a gashin bakinsa, ga yagaggiyar takarda mai maiƙo a gefen giyar mota.

"Hajiya. Me kika ba shi?"

"Ɗan kilishi ne. Dabba tana kuka da yunwa a gabana, in zuba ido? Ke ba ki san hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta hana mage abinci ba? Ai shi ya sa ake cewa ku yi karatu."

"Na sani. Ita Gimbiya fa, ba ta cikin hadisin?"

"Ita cikinta ba ya ɗaukar yaji."

Hamida ta tsaya da ƙofa a hannu. Da a ce Hajiya sa'arta ce, da mai taya ya sha kallo. Amma wannan matar ita ce ke kiran mahaifiyarta duk sallah tana cewa Hamida tana nan lafiya a hannunmu.

"Tun da ya riga ya ci," in ji Hajiya tana gyara mayafi, "kada a yi asarar layin."

Hamida ta ɗauki kejinta ta tafi. Ta ji an rufe mota a bayanta, ta ji ƙwas-ƙwas ɗin takalmi. Hajiya ce, da tabarau da kejin ruwan hoda, ta rufe rabin fuska da mayafi kamar mai zuwa wurin boka.

Martina ta leƙa kejin ta ce, "Ya ci wani abu?"

In Hamida ta ce a'a, kafin la'asar an gama, gobe ta manna wa Bartholomew takarda a goshi. Kilishin ma wataƙila bai kai tafin hannu ba. Ta dubi Kwamanda. Ya yi hamma, ya nuna mata haƙoransa da suka rage, ya kwanta abinsa kamar wanda ya biya haya.

"Ya ci," ta ce. "Nama. Yanzu."

Martina ta ajiye biro. Ta ce to sai Asabar ɗin wata mai zuwa, ba yadda za ta yi. Hamida ta ce manajan gidansu ba ya jiran wata mai zuwa. Martina ta ce ta yi haƙuri, ta ga irin haka da yawa. Sannan ta nuna kejin ruwan hoda.

"Wannan ma taki ce? In ba ta ci ba, sai ta shiga a madadinsa. Amma kin san sunanki ya fita ke nan sai baɗi."

Hajiya ta ɗora kejin a kan tebur, ta fara Turanci, ta ce ai ita maƙwabciya ce kawai, ta taimaka wa yarinyar da mota, kowa ya san yadda rayuwa take wa irin waɗannan.

"Ba tawa ba ce," in ji Hamida.

Hajiya ta juyo da Hausa, haƙora a haɗe, murmushi a fuska saboda Martina. "Ke, kina da hankali kuwa?"

Hamida ma ta yi murmushin. "Hajiya, ke kika karya masa azumi, ke za ki sauke shi. Zai zauna a gidanki har Asabar ɗin wata mai zuwa. Ran nan in zo da kaina in ɗauke shi."

"A gidana? A kan kafet ɗina? Kin haukace."

"To shi ke nan. Ran Lahadi akwai taro, ko? Ni ce a kan shinkafa. Duk wadda ta miƙo faranti zan ba ta labarin yadda muka yi sammako da matar Dakta muka bi layin sadaka. Har inda aka ɓoye motar zan faɗa. Matar injiniya tana son ƙarin nama, takan daɗe a wurina."

"Ba wanda zai yarda da ke."

"Wataƙila. Amma za su so su yarda."

Martina ta dube su, ta ga mata biyu suna ta murmushi, ta ce in sun gama akwai mutane a baya. Wani tsoho mai kare a layi ya ce wa Hajiya magenta kyakkyawa ce, nawa ta saya. Hajiya ta fizge kejin ta yi waje.

A bayan shagon taya Hamida ta buɗe ƙofar baya, ta ajiye Kwamanda a kan kujera, ta ja bel ta ɗaure kejin. Hajiya tana kallo ta madubi, ba ta ce a sauke shi ƙasa ba.

"Sau biyu yake ci a rana. Ba ya son a taɓa masa kunne. In ya rame, ko aka ce min ya ɓata, to ran nan ma akwai wani taron."

"Yau zan kira uwarki."

"Ki gaishe ta."

"Kuma kada ki sake tako min gida."

"Sai ranar ɗaukarsa, in sha Allah. Shinkafar Lahadi fa?"

Hajiya ta shiga lissafin wa zai dafa wa mata arba'in abinci. Ta tada mota.

Hamida ta sa yatsa ta cikin wayar kejin. Kwamanda bai ko dube ta ba. Ya miƙe tsaye, ya manna hanci a jikin waya, yana shinshinar kejin ruwan hoda. Gimbiya ta yi wata 'yar ƙara, ta kwanta ta ɗaga gindi.

Hamida ta buɗe baki za ta ce a raba musu ɗaki, a riƙa rufe ƙofa. Sai ta tuna Hajiya mai digiri biyu ce, ba a koya mata abu. Ta rufe motar a hankali, ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta nufi inda ake jiran bas.