Jan Layin Malam Ya'u

Malam Ya'u ya tsaya a bakin ramin, sandarsa a hannu. Ramin ya miƙe tun daga ɗakin taransifoma har gindin katangar baya, ya yi kwana inda ya kamata ya yi kwana. Ɓarayin ba su haƙa ko taku ɗaya a banza ba. Kebur ɗin jan ƙarfe da ke binne tun kafin a haifi 'ya'yansa, sun zare shi kaf.

Kwana uku zazzaɓi ya kwantar da shi a ɗakin gadi. Kwana ukun suka ishe su.

Shekara ashirin da shida ya yi a wannan masaƙa ta Challawa tana aiki, sha ɗaya kuma yana gadinta a rufe. Ciyawa ta cinye harabar, jemagu sun gaje ɗakin saƙa. Amma kullum yana gaya wa tsofaffin abokan aikinsa a Panshekara cewa muddin kebur na ƙasa, ranar da aka ga dama a tayar da injina, za su tashi. Ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Abin da ya rage masa ke nan a duniya, wannan shaidar.

Ya san wanda ya nuna musu hanya.

Wata biyu da suka wuce jikarsa Aina'u, wadda ke jami'a, ta zo masa da tuwo da wata buƙata. Ita da ƙawayenta suna wani wasa a kan tebur. Ɗaya tana ba da labari, sauran kowace ta zama jarumar da ta zaɓa, su jefa ƙwayar lido su ga abin da zai same su. Labarin wannan karon a kangon masana'anta yake, aljanu sun tare a ciki.

"Angona, zana mana taswirar masaƙarku mana. Ko sama-sama."

"Ba na aikin sama-sama."

"Wasa ne fa."

"In wasa ne ki zana da kanki. Ke da kika yi boko."

Ta yi dariya. "Tawa ƙawayena sun ce kamar kejin kaji. Ba wadda ke jin tsoro. In ba su san ina ƙofa take ba, ina za su gudu?"

Ya yi kwana tara a kanta, a bayan takardar buhun siminti. Ya sa ɗakin rini, ɗakin saƙa da injinansa layi-layi, famfon alwala, inda inji ya cinye wa abokin aikinsa Sule yatsu. Ya sa magudanar da mutum zai iya bi a durƙushe ya shigo ta ƙarƙashin katanga. Ya ja hanyar kebur da jan biro, ya rubuta yawan taku. Da ta dawo ta ce ƙawayen sun yi awa biyar ba wadda ta tashi, har wata ta yi kuka da wasan ya kai su cikin magudanar. Ta ɗauki hoton taswirar ta ɗora a intanet, mutane suna ta yabo. Ranar ya ci tuwonsa duka.

Ƙarar mota ta dawo da shi daga tunani. Sagir ne, wakilin masu masaƙar, matashi mai tsabtar takalmi. Ya zo yana ɗage ƙafar wando saboda laka. Ya leƙa ramin ya yi tsaki.

"Sannu Baba. Jiki da sauƙi?"

"Da sauƙi."

"Kada ku damu, ba wanda zai ɗora muku. Mutum ɗaya da fili kamar unguwa." Ya zaro waya. "Mun ma san mai laifin. Wani direbanmu ya ga wannan yana yawo. Ku duba."

Takardar siminti ce. Ga jan layin.

"Ko a ofis ba mu da irinta," in ji Sagir. "Tamu ta ɓata tun tuni. Wannan aikin mai ilimi ne, wanda ya san wuta. Lawan ne, tsohon mai gyaran wutarku. Na aika a ɗauko shi daga Dorayi."

Malam Ya'u ya tuna Lawan. Idonsa ɗaya ya mutu, yana gyaran fanka a bakin titi.

"Lawan bai san magudanar ba," ya ce.

"Baba, ku bar wannan. Ku dai ku koma ku kwanta."

"Lawan ko layi bai iya ja a miƙe ba. Ni na zana."

Sagir ya yi dariya, sannan ya daina. "Ku? Haba Baba. Kun san abin da kuke faɗa kuwa? In na kai wannan maganar sama, ba aikin kawai za ku rasa ba."

"Ƙirga daga taransifoma zuwa kwana. Taku arba'in da bakwai ne. Duba abin da aka rubuta."

Sagir ya buɗe hoton da yatsu biyu, ya duba. Sannan ya ɗago.

"Wa kuka ba?"

"Ni na zana. Iyakar abin da zan ce ke nan."

"Nawa suka ba ku?"

Tsohon ya dube shi har sai da Sagir ya kau da kai. Sannan ya kwance igiyar makullan daga ƙugunsa. Sun fi talatin, yawancinsu na ƙofofin da babu su yanzu. Ya ajiye su a kan motar.

"Ka kira yaranka su ƙyale Lawan."

Sagir ya matsa gefe yana magana a waya, yana waiwayensa. Malam Ya'u ya zauna a kan tulin jar ƙasar da ɓarayin suka tara, ya ɗora sandar a cinya, ya fuskanci ƙofa yana jiran motar 'yan sanda. Ko za su bi da shi ta Panshekara ne, gaban tsofaffin abokan aikinsa, ya yi tunani. Da ma su bi da shi ta baya, ba wanda ya san shi a can.