Ɗan Juma na Cikin Bututu

Latifa na cikin juye ruwan zafi a wurin wanke kwalabe, leɓenta na motsi da bisimilla, wayarta ta hau ruri a aljihun farar rigar aiki. Ƙanenta Ilya ne daga Paris. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Yaya, Inna ta ce ba ta zuwa."

"Ba ta zuwa ina?"

"Likita. Ta ɗaure kayanta, wai a nemo mata biye, tikitin jirgi, Maraɗi za ta. Na yi magana har na gaji. Ki zo da kanki."

Latifa ta dafe goshi. Washegari ne ya kamata a kwantar da mahaifiyarsu, Hajiya Bintu, a wani asibiti a Paris, a cire mata ƙarin da aka gano a hanjinta. Sun sha wuya kafin su samu wannan rana, kuma likitan ya gaya wa Ilya ƙarara cewa irin wannan ciwo ba ya jira. Ita dai Inna ba a faɗa mata sunan ciwon ba. Latifa ce ta yanke haka ta waya, ta ce a gaya mata ɗan wankin ciki ne za a yi, kada a tayar wa tsohuwa da hankali.

Ta je ta nemi izini wurin shugaban ɗakin gwajin da take aiki, a wata masana'antar sinadarai da ke Saint-Fons, gefen Lyon. Ya amince, amma da irin fuskar da ta fi ƙi muni. A cikin jirgin ƙasa ba ta ga gona ba, ba ta ga gari ba. Tsara magana take yi a zuci, tana jera hujja kan hujja, tana tsaki ita kaɗai har matar da ke kusa da ita ta matsa da jakarta. Latifa mace ce mai son abu ya tafi yadda aka tsara shi, kuma Allah ya haɗa ta da uwar da ba a tsara mata.

Ta iso Stains, a gefen Paris, da la'asar, ta hau benen da Ilya yake zaune da matarsa Rékia. Ta sa ran za ta tarar da gida shiru, ana jugum. Tun daga bakin ƙofa sai ta jiyo dariya, dariyar Inna kuwa, wadda rabon da ta ji ta tun kafin rasuwar babansu.

Hajiya Bintu na zaune a ƙasa kan darduma ta miƙe ƙafa, ta ja mayafi ta rufe fuska, ido ɗaya ta bari a waje. A talabijin wata ƙatuwar halitta ce mai ƙaho, jikinta duk yauƙi, take fitowa a hankali daga ramin wanke-wanke na wani gida, kiɗa na ta yin ƙasa-ƙasa. Inna na ta jero a'uzu billahi. Halittar ta miƙe tsaye, ta buɗe baki za ta yi ruri, sai ƙahonta ya sarƙe da igiyar shanya, ta zame ta faɗi tim cikin kwandon wanki. Inna ta saki mayafin ta kama ciki.

"Sannu da zuwa, ɗiyata," in ji ta, ba ta ko juyo ba. "Zamna, ya kusa ƙarewa."

"Inna, daga Lyon na taso."

"Na sani. Zamna."

Latifa ta tsaya da jaka a hannu, ta cika ta yi fam. Wannan fa ita ce matar da ta raine su ba a kiran sunan aljani a gidanta, sai dai a ce mutanen ɓoye, shi ma a hankali. Ba a zama bakin ƙofa da magariba. Ba a watsa ruwan zafi a ƙasa sai an yi bisimilla, don kada a ƙona 'ya'yansu. Latifa ta sha rankwashi a kan wannan tun tana ƙarama, shi ya sa har yau, da duk karatunta, bakinta ba ya bari ta juye tafasasshen ruwa shiru. Yau ga mai dokar nan tana ƙyaƙyata wa aljani dariya, jakar komawa Maraɗi na jingine a bayanta.

Ta ajiye jakarta, ta miƙa hannu ta kashe talabijin.

Rékia ta sulale ta shige kicin. Latifa ta durƙusa ta gaishe da uwarta a gurguje, sannan ta fara sauke abin da ta tsaro a jirgi. Ta ce likitocin nan ƙwararru ne. Ta ce in aka rasa wannan rana sai an jima kafin a samu wata. Ta ce takardar zaman Inna ta kusa ƙarewa. Ta ce ai ɗan wankin ciki ne, barci za ta yi ta farka, shi ke nan.

Inna na sauraro tana gyara bakin zanenta. Da Latifa ta kai aya, sai ta ce, "Kin gama? To, Allah shi yi miki albarka. Gida za ni." Ta dafa bango ta miƙe, ta tafi alwala.

Latifa ta bi Rékia kicin don kada ta faɗi abin da za ta yi nadama.

"Ke kinka kawo mata wannan shiririta?"

"Maƙwabciyarmu ta ara mini faya-fayan," in ji Rékia, tana yanka albasa. "Ni na fara kallo. Ilya na hita tun da sahe, ni kaɗai cikin gida, bututun ginin nan kuwa wuni suke suna gurnani. Da farko wallahi ko banɗaki tsoron shiga nike. Tun da na ga wannan, in bututu ya yi ƙara sai in ce ga shi nan, ya sake bugewa. Tsoron na nan, amma yanzu ina iya zama da shi."

"Inna ko bonjour ta gaisuwar Faransanci ba ta iya ba. Mi take ganewa?"

"Tambaye ta. Ni kaina wani lokaci ita ke ba ni labarin. Har suna ta raɗa mishi, Ɗan Juma, don ran Juma'a ta fara ganinshi."

Da Inna ta idar da salla ta koma mazauninta, ta dubi baƙin gilashin talabijin, ta dubi 'yarta. Latifa ta zauna a kujera, ta harɗe hannu.

"Inna, don Allah mi ke ba ki dariya a nan? Ke da kinka hana mu ko kiran sunansu."

"Wannan na Nasara ne, roba ce anka liƙa mishi, kina zaton ban gani ba?" Ta ɗan murmusa. "Amma in ya taso hitowa gabana na faɗuwa da gaske. Sai in riƙe, in riƙe, sai ya faɗi. Tsoron da za ya zo ya wuce kahin shayi ya huce, ai wannan hutu ne. Akwai wanda ba ya wucewa."

Latifa ta warware hannayenta.

"Kuma ni bayanshi nike," in ji Inna. "Shi Ɗan Juma zamanshi yake cikin bututunshi, bai taɓa kowa ba. Matar gidan kullum in ta dafa taliya sai ta ɗauko tukunya ta sheƙa mishi ruwan a ka. Ba sallama, ba bisimilla, ba ta ce kauce. Ba mugunta ce ba, ita ba ta san da mutum a ciki ba. Yaya ba za ya hito ba?"

"To ai fim ne."

"Fim ne." Inna ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ta. "Ran da munka je asibiti wajen lokotoro, ya kwantar da ni, ya ɗaga mini riga ya zana cikina da alƙalami. Da Ilya yake magana, bisa kaina, kamar ana cinikin akuya. Na ga Ilya ya haɗiye miyau. Mun hito na ce mi ya ce, ya ce bari ya kira Yaya. Ya shiga ɗaki ya ruhe ƙohwa kun yi Faransancinku, ya hito ya ce wankin ciki. Ni da nike gane abin da Ɗan Juma ke nuhi ba na jin harshenshi, huskar ɗan da na haihwa za ta gagare ni?"

Kunya ta rufe Latifa, har da haushi, haushin an kama ta.

"Don kada hankalinki ya tashi munka yi."

"Ya tashi tuni. Ku kun san abin da ke cikina, ni mai cikin ban sani ba. Za a sa mini wuƙa, ba wanda ya ce mini kauce, ba wanda ya ce mini shirya. In mutuwa ce, ina da mutanen da zan nemi gahwara wajensu. Gara in koma inda in za a zuba mini ruwa za a yi mini magana."

Daga kicin an daina jin ƙarar wuƙa. Latifa ta sauko daga kujera ta zauna a dardumar, gwiwarta na taɓa ta uwarta. Duk maganar da ta tsaro tun daga Lyon ba ta da sauran amfani, ran wanka kuma ba a ɓoyon cibi. Ta nemi kalmomin da Hausa, suka yi mata nauyi, don duk tsawon lokacin nan da Faransanci take tunanin ciwon, a can ya fi sauƙin ɗauka.

"Kansa ce, Inna. A hanji."

Inna ta gyaɗa kai a hankali.

Latifa ta nuna mata da yatsa inda ƙarin yake, da inda za a yanka, da abin da za a cire. Ta gaya mata za ta farka da robobi a jiki, za ta sha zafi, wataƙila kuma a biyo da wani magani mai zubar da gashi.

"Ana tashi daga barcin?" in ji Inna.

"Mafi yawa suna tashi. Ba duka ba."

"In ba a yi ba hwa?"

"Za ya ci gaba da girma."

Inna ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Latifa na jira ta ji eh ko a'a. Can tsohuwar ta ɗago.

"Kunna mini."

Latifa ta kusa fashewa. Ta yi tafiyar nan duka, ta faɗi abin da ta fi tsoron faɗa, amsar da za ta samu ke nan? Ta danna maɓallin da ƙarfi, ta koma ta zauna tana huci. Rékia ta fito da jajayen idanu, ta ce albasa ce.

Kiɗan nan ya sake yin ƙasa. Matar gidan ta sunkuya tana leƙa ramin wanke-wanke, wani hannu mai farata ya fara fitowa ta bayanta. Latifa ba ta san lokacin da ta damƙe hannun Inna ba. Hannun aljanin ya lalubo, ya lalubo, ya dafa kan murhun da ke kunne. Ihun da ya kurma ya sa dariya ta ƙwace wa Latifa, ta fito tare da hawayen da ta riƙe tun daga Saint-Fons. Inna ba ta dube ta ba, ba ta kuma saki hannun ba.

Da faifan ya ƙare, Rékia ta jawo kwalin. "Saura guda, Inna, na ƙarshe. In sa?"

"A'a." Hajiya Bintu ta nuna jakar da ke jingine da bango. "Kwance wannan, ki hiddo mini zane biyu da carbina ki sa a ƙaramar jaka. Shi ma Ɗan Juma sa shi ciki. Ki miƙo mini waya, zan kira Maraɗi."

Sannan ta juya wajen Latifa.

"Gobe ki tambayi lokotoron ko ɗakin nasu na da abin kallo. Duk abin da ya ce, ni za ki hwaɗa ma, da Hausa."