Bahago da Tsohon Bango

Tun Auta na rarrafe akwai wata kalanda rataye a ɗakin Baba. Shekararta ta wuce tuntuni, kwanakin ma ya yage ya zubar, hoton kawai ya bari: wata tsohuwar fada ta duwatsu a ƙasa mai nisa, mai dogayen ginshiƙai. Baba magini ne, kuma bahago, har abin ya zame masa suna. Abokan aikinsa kan tsokane shi wai bangonsa ma ta hagu yake tashi. Idan ya dawo aiki, da siminti har a gira, yakan tsaya gaban hoton ya girgiza kai ya ce, "Waɗannan su ne magina. Mu 'yan kwaɓa ne."

Shi ya sa da Auta ta zama ma'aikaciyar jinya, ta tsaya da ƙafarta, ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta nema musu biza, ta yanki tikitin jirgi, ta ɗauko tsohon nan don ya ga fadarsa ido da ido.

Da safe motar 'yan yawon buɗe ido ta sauke su a bakin wurin. Jagora ya ɗaga 'yar tutarsa, jama'a suka bi shi suna ta ɗaukar hoto. Baba yana riƙe da gwiwar hannun Auta tun daga filin jirgi, ita kuwa ta ɗauka ciwon ƙafa ne. Can sai ya ja ya tsaya, ya ɗaga kai.

"Masha Allah! Auta, ki ga aiki!"

Ta bi inda yake kallo. Ɗakin sayar da tikiti ne, ginin bulo da ko fentinsa bai tsufa ba. Fadar tana can bayan kafaɗarsa.

Nan take komai ya dawo mata: yadda ya bar talabijin ya koma rediyo, yadda shayi ke zuba a gefen kofi, yadda yake miƙo mata waya wai rubutun zamani ya cika ƙanana. Ita da ke yini tana duba marasa lafiyar wasu, nata uban ya wuce ta gabanta ba ta lura ba. Kunya ta kama ta, ga tausayi.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Idon."

Ya sosa ƙeya kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. "An ɗan kwana biyu. Dishi-dishi nake gani. Da na faɗa miki, asibiti za ki ja ni, ba nan ba. Kuma na ji muryarki ranar da kika ce biza ta fito."

Ta juya shi ya fuskanci fadar. Ya ƙura ido, ya ce wani babban duhu dai yake gani. "Kar ki damu, kai ni jikinsa kawai. Ni dama ban taɓa yarda da bango da ido ba."

Gaskiya ya faɗa. Duk ginin da Baba ya shiga, ko gidan suruki ne, sai ya shafa bango da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. Mama ta yi faɗan har ta gaji.

Sai dai a nan an ja igiya tsakanin mutane da dutsen. Baba na miƙa hannu, mai gadi ya busa usur. Auta ta roƙe shi, ta nuna idon Baba, ta haɗa hannuwa. Mutumin ba mugu ba ne, fuskarsa ma ta nuna bai ji daɗi ba, amma ya nuna mata allon da ya hana taɓawa, ya girgiza kai. Ta ja Baba suka zauna a wani benci, hawaye na zubo mata, tana danne sheshsheka don kada ya ji. Ta tsallako da shi duniya guda, ga bangon nan kusa da hancinsa, kuma zai koma bai san shi ba.

A gefe guda an rufe wani sashe da tamfol ana gyara. Wani dattijo mai kayan aiki, fari fat da ƙura, yana zaune yana shan ruwa yana kallonsu. Ya ga yadda hannun Baba ke shafa bencin da kansa, yana laluben mahaɗa. Ya taso, ya kama hannun nan ya juya, ya ajiye nasa kusa da shi. Kanta iri ɗaya, tsaga iri ɗaya. Ba su da yare ɗaya, amma Baba ya shafa tafin mutumin ya yi murmushi.

Dattijon ya yi wa mai gadi 'yar magana. Sannan ya cire hular kwanonsa ya kifa wa Baba, ya danƙa masa burushin share ƙura, ya ɗaga igiyar. Ai ba a hana ma'aikaci taɓa bango. Mai gadi ya juya baya yana gyara hularsa, wai shi bai ga komai ba.

Baba ya ɗora tafinsa a dutsen. Ya daɗe a haka. Ya bi mahaɗar duwatsun da ɗan yatsa, ya yi sama, ya yi ƙasa, ya kara kunci. Burushin kuwa ko sau ɗaya bai yi aiki ba. Can sai ya fashe da dariya.

"Auta! Wanda ya sassaƙa wannan bahago ne! Ga sawun ƙarfensa nan, ya karkata irin nawa!"

Ya ɗaga hannun hagu yana kwatantawa. Dattijon ya gyaɗa kai da sauri, ya ɗaga nasa hagun ya nuna dutsen. Ashe shi ma ya daɗe da lura.

Baba ya bubbuga dutsen a hankali, yadda yake bubbuga kafaɗar abokin aiki. "Sannu da aiki, ɗan'uwa," ya ce.

Da ya fito, Auta ta rasa da wane baki za ta gode wa dattijon. Ta riƙe hannunsa mai ƙura da hannu biyu, tana ta faɗin "Allah Ya saka" da harshen da ba ya ji. Ya dafa ƙirji ya karɓi hularsa.

Baba ya lalubo gwiwar hannunta ya riƙe.

"Allah Ya yi miki albarka, Auta. Na gani. To, yanzu ki kai ni asibitin naki."