Hannu Biyu a Darduma Ɗaya

Agha Nusrat bai tsaya kallon furannin dardumar ba. Yana gama kurɓar shayi ya kifa ta a tsakar gida, ya durƙusa da kyar, ya shiga bin bayanta da farce. Shekara talatin yana kawo wa gidan zare da zane daga birnin Kashan, yana karɓar abin da aka saƙa.

Shukufe tana tsaye a bakin ƙofa, ta ja mayafi har kan hanci. Wata goma sha huɗu suka yi a kan dardumar nan ita da mahaifiyarta Tuba, zaune a katako ɗaya, uwa a dama, 'ya a hagu. Kuma tun farko Tuba ta yi alkawari cewa in an sauke wannan, Shukufe za ta tafi birni shagon ɗinkin 'yar ƙanwar babanta. An riƙe mata gurbi zuwa ranar Asabar.

Dillalin ya jiƙa farin ƙyalle ya goga a kan jan ulun, rinin bai fita ba. Ya lanƙwasa ta ya leƙa gindin ulun, ya yaba. Da ya ninke ta biyu sai gefe ya ƙi haɗuwa da gefe, na dama ya ɗara da kusan yatsa biyu. Ya ɗora ma'auni ya ƙirga ƙulli a hagu, ya ƙirga a dama, ya sake komawa dama.

"Tuba Khanum, dardumarki tana ɗingishi," in ji shi yana murmushi.

"Kai ma haka kake, Haj Agha, kuma ba wanda ya mayar da kai."

Ya yi dariya, ya dawo kan magana. Ya ce hagun nan ƙullinsa a jere yake, a matse, rabon da ya ga irinsa an daɗe. Dama kuwa ta yi sako-sako, har wuri uku an sa shuɗi mai duhu inda zane ya ce baƙi. Yana da aikin alharini na shekara uku, mai hannun hagun kaɗai zai ba. In ba haka ba, masaƙar tasa ce, zai aiko a kwance ta, don akwai gidajen da ke jira.

Shukufe ta dubi uwarta. Tuba ta sunkuyar da kai tana laluben kofin shayin da ke gabanta kusa-kusa. Tun bazara Shukufe ta lura idon uwar ya fara tafiya, amma ba ta gaya wa kowa ba. Masaƙar nan kuwa ita ke ciyar da su.

"Ni ce a dama," in ji Shukufe, muryarta can ƙasa. "Hankalina yana birni. Hagun na Mama ne."

Agha Nusrat ya ɗaga kai ya dube ta. Mutum ne da ke gane saƙar kowace mace a ƙauyen ta bayan darduma. Sannan ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"To madalla. Aikin na Tuba Khanum ne. Ke kuma 'yata, sai ki riƙa miƙa mata zare."

Kafin la'asar an kawo alharinin da zanen, layukansa ƙanana har sai mutum ya kai hanci kan takarda. Tuba ta riƙe takardar a juye, tana cewa za ta iya, Shukufe ta je ta haɗa kayanta, kada ta rasa motar Asabar. Shukufe ta karɓi takardar a hankali, ta juya mata ita daidai, ta mayar mata a hannu.

Washegari da safe ta kira 'yar ƙanwar babanta a waya, ta ce a ba wata gurbin. Ta wanke hannu da sabulu sau biyu saboda alharini ba ya son maiƙo, ta hau katakon, ta zauna a tsakiya, inda hannunta zai kai hagu da dama.