Madara da Hujin Wando

Ranar da lantarki ya ja Abdulgani, a fadamar Dangoma yake, ƙafafu cikin ruwa, yana taɓa wayar injin ban ruwa da hannu, wai shi gwani. A babur aka kawo shi gida Kalgo, tafin hannu a ƙone.

Kafin la'asar mahaifiyarsa Inna ta dira daga Gwandu da gwangwanayen madara. Ai kun san mutanenmu, in wuta ta ja mutum madara ake ɗura masa, wai tana mayar da jinin da wutar ta zuƙe. Safe madara, rana madara, har ƙato ya fara ƙarnin jarirai.

To, matarsa Rahmatu ita ke wanki. Ta ga wandon da ya sa ranar ya huje daidai aljihun da makullansa suke. Ashe wutar ta hannu ta shiga, ta gabansa ta fita, wurin ya kumbura suntum. Ga shi auren bai shekara ba, ko ɓatan wata ba ta yi ba.

"Malam, mu tafi asibiti."

"In ce musu mi? In tuɓe wa wani ƙato wando?"

"To zauna ka tuɓe wa gwangwani!"

Ya juya ya fuskanci bango. Ita kuma ta yaya za ta dubi suruka ta ambaci wannan wurin? Sai kewaye-kewaye take.

"Inna, tafiyarsa fa ta sake."

"Rashin jini ne, ɗiyata. Fasa wani gwangwanin."

Takaici kamar ya kashe ta. Da zazzaɓi ya rufe shi, sai ta ɗauko wandon, ta shimfiɗa gaban Inna, ta zura yatsa cikin hujin. Ta sunkuyar da kai.

Inna ta dubi hujin, ta lura da inda ya faɗa. Cokalin madarar ya suɓuce mata.

"Innalillahi! Yaron nan, jikokina ke ƙonewa kana kwance kana lasar madara? Tashi!"

A asibiti a Birnin Kebbi likita ya wanke su tas da faɗa. Ya ce ƙwaya ɗaya ta lalace, sai an cire. Ɗayar an ceto ta da ƙyar, kuma tana iya wadatarwa, gwaji ne zai nuna nan gaba.

Da Abdulgani ya farfaɗo daga aikin, ya dubi Rahmatu a marairaice.

"Akwai sauran madarar nan?"

Tsakin da ta ja, har gadon ƙarshe sai da aka waiwayo.