Ƙaramar Resista

"Tela, wannan ka kawo min?" Baba Mai Rediyo ya ɗaga resistar, ƙwayar nan mai rage ƙarfin wuta a cikin rediyo, zuwa hasken taga, 'yar mitsitsiya da ita. Yana jingine da filo, tsohuwar rikodarsa a buɗe a gefen gado.

"Launin zobbanta iri ɗaya ne da na wadda ta ƙone, Baba. Sai da na duba."

"Launi ka duba, ba ka duba jiki ba. Wannan ƙarfinta kwatan wat ne, wurin kuwa mai wat biyu yake so. Ka ɗora wa jariri buhun siminti!" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Tun ina saurayi shagona ke jikin nasa, har ƙaurin dalmarsa ya kama yaduddukana. A gabana ya sha korar masu gaggawa da ke cewa ya liƙa ƙarama kawai su tafi. Taurin kai gare shi, amma abin da ya gyara ba ya dawowa.

Wannan karon gyaran nasa ne. A cikin rikodar akwai kaset mai muryar marigayiya matarsa, kuma tunda ciwo ya kwantar da shi ba abin da yake so kamar ya sake jin ta. Na zaga shagunan kayan lantarki har ƙafafuna suka yi tsami. Yanzu wa ke gyara? Sai jefarwa. Da ƙyar wani mai shago ya tono min wannan guda ɗaya a ƙasan kwali, ya ce babbar sai an yo oda.

"To mu jira babbar," na ce.

"Ita za ta iya jira. Ni fa?" Ya nuna soket da haɓa. "Jona min ayan dalma."

"Kai ka ce za ta ƙone."

"Za ta ƙone mana. Amma sai ta yi zafi tukuna."

Na riƙe masa resistar, ya ɗiga dalma, ya danna maɓalli. Kaset ya juya.

"Malam, ka ajiye wayoyin nan, abinci na hucewa! Au, ɗaukar muryata kake yi? Kai dai Allah ya shirye ka!" Sai dariyarta ta cika ɗakin, yadda muke jiyo ta ta katanga a da. Ni ma sai da na share hawaye.

Siririn hayaƙi ya taso, muryar ta yanke.

"Ta yi ƙoƙari," ya ce, idonsa a rufe, yana murmushi.

Mako bai zagayo ba Allah ya karɓi abinsa. Bayan nan mai shago ya aiko da babbar. Tana nan cikin gwangwanin maɓallaina, ko ƙafafunta na waya ba a lanƙwasa ba.